Me Ya Sa Ciwo Ke Kama Wata Ya Bar Wata?

Yau filin namu zai taɓo wata tambaya da ta daɗe tana yawo a bakinmu wajen suna da biki da gaisuwar mara lafiya. Sau da yawa za ki ga mata biyu a gida ɗaya, tukunyarsu ɗaya, randarsu ɗaya, amma ɗaya ta kamu da hawan jini tun ba ta cika shekara 40 ba, ɗayar kuwa ta tsufa garau, ko ciwon kai ba ta cika yi ba. In haka ta faru sai zarge-zarge su tashi. Wata ta ce jifa ne, wata ta ce kishiya ce ta yi mata asiri, wata ta ce iska ce ta shafe ta. A kan irin wannan zargi an raba zumunci, an kashe aure, an kuma ɓarnatar da kuɗi masu yawa wajen neman magani inda babu shi, alhali ciwon yana can yana cin jiki a ɓoye.

Ciwo da lafiya duk na Allah ne, wannan babu mai musu. Amma kuma ya sanya wa kowane abu sanadi, kuma likitoci sun daɗe suna bin diddigin abubuwan da ke jawo wa mutum ciwo. A shekarar 1948 aka fara wani bincike a wani ƙaramin gari mai suna Framingham a ƙasar Amurka. Likitoci suka ɗauki sunayen mutum 5,209, maza da mata, suka riƙa auna su bayan kowace shekara biyu, suna rubuta nauyinsu da awon jininsu da ko suna shan taba. Da shekaru suka shuɗe sai aka duba su wa ciwon zuciya ya kama, su wa ya bari. Aka tarar ya fi kama masu hawan jini, da masu yawan kitse a cikin jini, da mashaya taba, da masu ƙiba, da masu ciwon sukari. Kuma wanda ya tara biyu ko uku daga cikinsu ya fi mai guda ɗaya shiga haɗari nesa ba kusa ba. Daga baya har 'ya'yan mutanen nan da jikokinsu aka shigar cikin binciken.

Domin mu fahimci abin sosai, mu ɗauki misalin tulu. A ce kowace mace an haife ta da tulunta, kuma ranar da tulun ya cika ya tumbatsa ita ce ranar da ciwo zai bayyana. Wata tun daga haihuwa ta tarar da ruwa rabin tulun saboda abin da ta gada, wata kuwa ta tarar da ɗan kaɗan a ƙasa. Daga nan shekaru su zuba nasu, abinci ya zuba nasa, ƙiba da hayaƙin murhu da haihuwar kwanika kowa ya zuba ludayinsa. Shi ya sa mata biyu za su ci tuwo ɗaya shekara 20, ɗaya ta kwanta ɗaya tana tsaye. Akwai ruwan da ba mu da ikon kwashewa, akwai kuma wanda da hannunmu muke zubawa. Mace mai dabara ita ce wadda ta san wanne ne wanne.

Abin Da Aka Gada

Mu fara da gado. Ciwon da ya fi nuna ƙarfin gado a ƙasar nan shi ne sikila, wanda iyayenmu ke kira amosanin jini. Kowane mutum yana karɓar ƙwayar halitta ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Mai AA ba shi da ƙwayar sikila. Mai AS yana ɗauke da ita amma lafiyarsa ƙalau. Mai SS shi ne mai ciwon. To, idan mai AS ta auri mai AS, a kowane ciki akwai kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, kashi biyu mai AS, kashi ɗaya mai AA. Ku lura da kyau, a kowane ciki ake sabon lissafi. Kada wata ta ce tun da ta haifi mai sikila ɗaya, ukun da za su biyo baya sun tsira. Ana iya haifar uku a jere masu ciwon, ana kuma iya haifar shida babu ko ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2006 cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar, kuma ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu ciwon a kowace shekara. Dalilin yawanta a wurinmu kuwa abin mamaki ne. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison ya nuna, daga aikinsa a gabashin Afirka, cewa yaro mai AS ya fi mai AA jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Watau ƙwayar da ta tsare kakanninmu daga mutuwar zazzaɓi ita ce ke zama masifa idan ta haɗu daga ɓangare biyu. Saboda haka ba abin kunya ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne, domin ba a haifar mai SS sai uba ma ya ba da tasa. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin jini kafin aure, har da na sikila. Amma ku 'yan mata, kada ku jira sai an kawo lefe. Ku roƙi iyayenku su kai ku gwaji tun kuna makaranta, domin rabuwa bayan an shaƙu tana da ciwo. Ku kuma sani gwajin sikila daban yake da na rukunin jini, wanda ake cewa A ko B ko O. Masu auren zumunci su ma su fi kowa kula, tun da jini ɗaya ne ke haɗuwa.

Gadon hawan jini da ciwon sukari kuwa wani iri ne dabam. Idan mahaifiyarki ko mahaifinki ko wadda kuke ciki ɗaya tana da ɗayansu, to, haɗarinki ya fi na wadda babu shi a gidansu. Amma wannan bai yanke miki hukunci ba. Ga shaida. A 1997 wani likita, Richard Cooper, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon awon da suka yi wa baƙar fata a wurare uku, watau Afirka ta Yamma, har da Nijeriya da Kamaru, da tsibiran Karibiyan, da kuma Amurka. Mutanen nan tushensu ɗaya, cinikin bayi ne ya raba su. Aka sami masu hawan jini kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, kashi 26 a Karibiyan, kashi 33 a Amurka. Da gado kaɗai ke kawo shi, da lissafin bai bambanta haka ba. Abin da ya bambanta su shi ne ƙiba da yawan gishiri da irin zaman da suke yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, gaskiya ne, amma ciwon uwa ba dole ne ya zama na 'ya ba.

Shekaru Da Haihuwa

Abu na biyu da ba mu da iko a kansa shi ne shekaru. Yayin da mutum ke manyanta, hanyoyin jininsa suna rage laushi, sai zuciya ta riƙa turo jini da ƙarfi. A lokacin ƙuruciya maza sun fi mu kamuwa da hawan jini da ciwon zuciya, amma da zarar mace ta daina ganin al'ada sai ta fara kamo su. Don haka uwargida da ta haura 45, ko da ba ta taɓa jin komai ba, lokacin ne ya kamata ta ƙara yawan zuwa awo.

Mu mata kuma muna da namu kason da maza ba su da shi, watau ciki da haihuwa. Akwai hawan jinin da ciki ke kawowa, wanda in an ƙyale shi yakan kai ga jijjiga, ya hallaka uwa da ɗa. Ya fi samun mai cikin fari, da yarinya ƙarama, da wadda ta kusa 40, da mai cikin tagwaye, da wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yi, da wadda dama tana da hawan jini ko sukari ko ƙiba. Alamunsa su ne kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, da ciwo a saman ciki. Amma sau da yawa awo ne kaɗai ke gano shi tun da wuri. Shi ya sa tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta sauka. Wadda ta taɓa yin wannan hawan jinin kuma kada ta ce an gama tun da ta haihu lafiya, domin ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da hawan jini na dindindin daga baya. Haka ma wadda sukarinta ya hau tana da ciki, ko ta haifi ƙaton jariri da ya wuce kilo 4, ta riƙa gwada sukari jifa-jifa.

Tazara tsakanin haihuwa ita ma tana da nata tasiri. Masana sun ba da shawara a bar shekara 2 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin, domin jiki ya mai da jinin da ya rasa. Iyayenmu na da sun san wannan, shi ya sa suke shayarwa har kusan shekara biyu. Shayarwar ma kariya ce ga uwa, domin tana rage haɗarin sankarar mama, kuma gwargwadon daɗewar mace tana shayarwa gwargwadon raguwar haɗarin.

Abin Da Ke Cikin Tukunya

Yanzu mu zo ga abin da ke hannunmu, kuma babu wanda ya kai uwargida iko a nan, tun da ita ke riƙe da ludayi. Na farko shi ne gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, watau kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan ya haɗa duk abincin yinin tun daga karin kumallo har tuwon dare. Yawancin mutanen duniya suna cin kusan ninki biyu na haka. Gishiri yana sa jiki ya riƙe ruwa, ruwan ya ƙara yawan jini a cikin jijiyoyi, sai awon ya hau. Inda muke yaudarar kanmu shi ne, mace za ta ce ta rage gishiri, amma ta jefa dunƙulen magi biyar ko shida a miya, alhali babban abin da ke cikin dunƙulen gishiri ne. Haka garin ɗanɗano da ke cikin ledar taliyar yara, da kifin gwangwani, da yajin da aka daka da magi. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce, sinadarin da ke hawar da jini yana cikinta.

Maganin wannan ba wuya. Ki riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, a cikin 'yan makonni harshen mutanen gidan zai saba, har su ji miyar maƙwabta ta yi musu gishiri. Ki koma ga daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da attarugu da busasshen kifi, su ne suka riƙe miyar kakanninmu tun kafin dunƙule ya shigo. Ki yawaita ganye, zogale da rama da alayyafo da yakuwa, da wake, da 'ya'yan itace na lokacinsu kamar gwanda da lemo da mangwaro da kankana, domin suna ɗauke da sinadarin da ke taimaka wa jiki fitar da gishiri. Ki kuma dawo da gero da dawa da acha, kada shinkafa da taliya da burodi su kore su daga gidanki.

Na biyu shi ne sukari. Kwalbar lemo mai rabin lita tana iya ɗauke da sukari cokalin shayi 10 zuwa 13, wanda ya kai iyakar abin da ya kamata babban mutum ya sha a yini guda. Ga shayi da koko da zoɓo da kunun aya, kowanne sai mun cika shi da sukari. Sukarin ba ya tsaya ga ɓata haƙoran yara, yana taruwa ya zama ƙiba, ƙiba kuwa ita ce babbar ƙofar ciwon sukari.

Ƙiba Da Zama Wuri Ɗaya

A wurinmu in amarya ta yi ƙiba sai a ce ta samu wuri, in ta rame a ce miji ba ya kula da ita. Wannan magana ta sa 'yan mata da yawa shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe. Waɗansu daga cikin ƙwayoyin nan magunguna ne masu ƙarfi da likita ke bayarwa don wani ciwo na musamman, kuma shan su barkatai yana kumbura fuska, yana hawar da jini da sukari, yana raunana ƙashi, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Haka waɗansu mayukan bilicin, sinadaran da ke cikinsu suna ratsa fata su shiga jini, har su taɓa ƙoda. Kyan da zai kai mace gadon asibiti ba shi da amfani.

Ƙibar da ta fi haɗari ita ce ta tumbi. Ki ɗauki tef ɗin tela ki auna tsakiyar cikinki daidai wajen cibiya, ba ki da juna biyu. In ya wuce santimita 80, watau kimanin inci 31 da rabi, to, lokacin kula ya yi. Kuma ba sai kin koma kamar sillen kara ba. A wani bincike da aka bayyana a Amurka a 2002, an ɗauki mutum fiye da 3,000 waɗanda sukarinsu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba. Waɗanda aka sa su rage ɗan nauyi, kimanin kilo 7 cikin kowane 100, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, haɗarinsu na kamuwa ya ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 150 kuwa rabin awa ne kawai a kwana biyar. A da, surfe da daka da niƙa da jan ruwa a rijiya sun ishe mu. Yanzu inji ya karɓi aikin, mun zauna gaban talabijin da waya. Wadda ba ta fita ma tana da hanya: ta yi sharar tsakar gida da kanta, ta yi wanki, ta zagaya gidan da sauri bayan asuba har sai ta ji gumi.

Jego Da Ciwon Zuciya

Akwai wani ciwo da ya kamata kowace mai haihuwa a ƙasar Hausa ta sani, domin likitocin duniya sun san mu da shi. Shi ne raunin zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka ba da rahoton mata 224 da suka gani da shi a Zariya. A lokacin sun danganta shi da al'adun jego, watau kunun kanwa mai yawa, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, musamman a lokacin zafi.

Daga baya an sake duba maganar. A 2020 Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon binciken mata fiye da 400 masu ciwon daga asibitoci daban-daban na Nijeriya. Sun tarar ya fi yawa a Arewa maso Yamma, inda yake kama kimanin mace ɗaya a haihuwa 96. Amma abubuwan da suka fi fitowa fili a wannan karon su ne rama, da hawan jinin ciki, da rashin sana'a, da rashin karatun boko. Wankan jego da kunun kanwa ba su nuna tasirin da aka zata ba. Ku duba nan, 'yan'uwa, yadda rama ma ke da nata haɗari kamar ƙiba, da yadda talauci da rashin ilimi ke shiga lissafin ciwo. Duk da haka, mai jegon da ke da hawan jini ko kumburi ta nisanci kanwa, kuma ruwan wanka ya zama mai ɗumi wanda ba zai ƙona fata ba. In kuwa mai jego ta fara haki, ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya kwanciya rigingine sai ta jingina, tana tari da dare, to, a kai ta asibiti a ranar, kada a jira ta yi arba'in.

Hayaƙi Da Wurin Zama

Inda muke zaune shi ma yana zuba nasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum fiye da miliyan 3 a duniya, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Yana kawo ciwon huhu ga yara, da tari mai naci da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Wadda ba ta da halin gas ta yi girki a fili ko a madafa mai taga, ta yi amfani da busasshen ice, kada ta hura wuta da leda ko roba, kuma ta sauke goyo kafin ta tsuguna gaban murhu. Kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa lokacin hunturu. Maigida mai shan taba kuwa a lallashe shi ya daina, kafin nan ya riƙa fita waje, domin wanda ke zaune kusa da shi ma sha yake yi.

Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Da farko ba a san abin da ke sa yaran jijjiga ba, sai bincike ya nuna ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce suke shaƙa suna haɗiya. Darasin da ke nan shi ne, idan ciwo iri ɗaya ya yawaita a gida ko a unguwa, a duba ruwan sha da abin da ake shaƙa da sana'ar da ake yi a tsakar gida kafin a nuna wa wani yatsa.

Maganar Tunani

Da an ce wance tana da hawan jini, sai ki ji an ce tunani ne, ko ɓacin ran miji, ko na 'ya'ya. Akwai ƙamshin gaskiya, domin ɓacin rai yana ɗaga awo a lokacin, kuma damuwa mai daɗewa da rashin barci suna ƙara nasu. Amma wannan magana ta cuci mata da yawa. Wata ta ce ita ba ta da damuwa, me zai kai ta awo. Wata kuma hankalinta na kwantawa sai ta ajiye magani. Hawan jini yawanci ba ya ba da alama ko kaɗan. A rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023, babban mutum ɗaya cikin uku a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Wata ba za ta sani ba sai ranar da ɓarin jikinta ya shanye ko ƙodarta ta gaza. Awon lamba biyu ne, ta sama da ta ƙasa. Kusan 120 a kan 80 shi ne daidai. In an auna a ranaku daban-daban ana samun 140 a kan 90 ko fiye, to, hawan jini ne. Wadda likita ya ɗora a kan magani ta riƙe shi kullum, ko ta ji garau, domin maganin ne ya sa ta jin garau ɗin.

Ga 'Yan Makaranta

Ku 'ya'yana, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da kuka saba wa harshenku yanzu shi za ku dafa wa iyalinku gobe. Ku rage lemon kwalba da alewa, ku shiga wasan motsa jiki na makaranta, ku guji shisha da ƙwayar ƙiba da man bilicin komai yadda ƙawa ta yabe su. Tun watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar cutar da ke kawo sankarar bakin mahaifa, kyauta. Iyaye mata, ku tambaya a asibitin unguwarku. Sa'an nan ku riƙe karatunku da kyau. Yarinyar da ta yi karatu ita ke iya karanta takardar magani, ta gane alamar haɗari, ta kuma yi wa likita bayani ba tare da jin nauyi ba.

Abin Yi

To uwargida, ga aikin wannan mako. Da farko ki zauna da mahaifiyarki ko gwaggonki ko innarki, ki tambaye su irin ciwon da ya yi yawa a danginku, wa ya yi hawan jini, wa ya yi sukari, wa ɓarin jikinsa ya shanye, wa ta yi jijjiga wajen haihuwa, wa ta yi sankarar mama. Ki rubuta, ko ki sa 'yarki 'yar makaranta ta rubuta miki, ki nuna wa likita duk ranar da kika je. Na biyu, ki je a auna jininki, ki kuma ja maigida ku tafi tare, aƙalla sau ɗaya a shekara ko da kuna jin lafiya. Na uku, daga daren yau ki cire dunƙule ɗaya daga cikin miya. Na huɗu, ki kai yara gwajin sikila, ki adana takardar tare da katin rigakafinsu.

Wadda ta tarar gadonta mai nauyi ne kada ta karaya, ita ce ma ta fi kowa cin ribar kulawa. Wadda kuma ta ga babu komai a danginsu kada ta saki jiki. Sai mun sake haɗuwa a wannan fili. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.